Gyaran fentin jirgina a Apapa, abin da na gani

Salam 'yan uwa. Wata takwas kenan da aka gyara min ƙasan jirgina, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aikin ya kasance saboda masu jirgin faiba irina. Ni kaya nake ɗauka daga jetin Liverpool a Apapa zuwa Sagbokoji da Igbologun, buhunan albasa, shinkafa, kuma kowa ya san ruwan wajen nan akwai gishiri, ga gugar jeti kullum, fenti ba ya shan daɗi.

Bara da ya fara ɓamɓarewa na kai wa wani, ya cike da filar mota, wato abin da ake cike lotsewar jikin mota da shi, ya watsa fenti rana ɗaya, ko wata biyu ba a yi ba wajen ya kumbura kamar ƙuraje, in ka fasa ruwa ya fito yana warin tsami. Ashe filar mota tana shan ruwa, ba a yi ta don abin da ke kwana cikin ruwa ba. Wallahi raina ya ɓaci sosai.

Na biyun wani dattijo ne, Baba muke ce masa. Da aka jawo jirgin tudu aka kife shi, ruwan famfo ya fara sa yaransa suka wanke gishirin tas, sannan ya bi jikin yana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba, duk inda ya ji sautin ya canza sai ya zagaye da alli. Ya kankare har sai da faiba ta fito, ya bi da sanfefa mai lamba 80, bakin tsohon fentin kuma ya kwantar da shi yadda in ka shafa da yatsa ba za ka ji tudu ba. Daga nan ya bar shi ya bushe kwana huɗu, ina ta matsa masa don aiki na tsaye, ya ce min Malam in ka rufe danshi a ciki kuɗinka ka rufe. Lokacin hunturu ne ma, da a ruwan Yuni ne na Legas da ya fi haka daɗewa.

Da ifoksi ya cike wajen, wani irin gam ne mai gwangwani biyu da ake haɗawa, kaɗan kaɗan yake kwaɓawa don zafi na sa shi saurin daskarewa. Ya sake gogewa da sanfefa mai lamba 120, ya shafa firaima wato fentin farko, sannan fentin ƙasa mai jan ƙarfe a ciki wanda ke hana gansakuka da ƙananan dodon koɗin nan mannewa.

Abin da ban ji daɗi ba, yaran suna guga ba takunkumi, ƙurar fentin nan guba ce, sai da na sayo musu da kuɗina. Kuɗin aikin ma ya ninka na farko, kwana tara ban fita ba.

Satin da ya wuce mun ɗaga jirgin don canza farfela, na shafa wajen da hannuna, sumul yake, ko ƙurji ɗaya babu. Gefen hagu ya rage, Janairu in Allah ya kai mu wajen Baba zan koma.