Tokar kwal ko ƙurar silika: wacce ke sa ɗanyen kankare gudana?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tokar kwal da ƙurar silika aiki ɗaya suke yi wa kankare tun yana ɗanye, tunda dukkansu gari ne da ake maye wani kaso na siminti da shi. A lokacin zubi kam, sun yi hannun riga.

Gudanar kwaɓi abu biyu ne. Akwai ƙarfin da ake buƙata kafin ya fara motsi, akwai kuma yadda yake jan jiki bayan ya motsa. Gwajin mazurarin nan mai tsayin milimita 300, wanda ake cikawa a ɗaga a auna yadda kwaɓin ya zauna, galibi na farkon yake nunawa.

Tokar kwal daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal take fitowa, ƙwayoyinta kuwa mulmulallu ne, suna mirginawa tsakanin yashi da siminti kamar ƙwallayen boris. Ba ta kai siminti nauyi ba, don haka in ka maye kilo da kilo, ruwan simintin da ke lulluɓe tsakuwa yana ƙaruwa. In an sa kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, kwaɓin kan yi laushi da ruwa kaɗan, ya bi bututun famfo salin-alin. Sai dai yana jinkirin kamawa, musamman lokacin sanyi. Kuma a duba ingancin tokar: in gawayin da bai ƙone ba ya yi yawa, yakan shanye sinadaran da aka zuba. Shi ya sa ASTM C618, ma'aunin ingancin irin wannan toka na Amurka, ya sa iyaka a kan yawan gawayin.

Ƙurar silika daban ce. Daga masana'antun narka silikon ake tara ta, kuma ƙwayarta ta fi ta siminti ƙanƙanta kusan sau 100. Ita ma mulmulalla ce, amma saboda tsabar laushinta, fuskar da ruwa zai jiƙa ta yi yawa ƙwarai. Kashi 5 zuwa 10 kawai ake sawa, duk da haka sai ka ga kwaɓin ya yi danƙo, yana manne wa shebur da cokalin magini. Abin da take ba ka shi ne haɗin kai: tsakuwa ba ta ware gefe, ruwa ba ya tasowa sama.

Rashin tasowar ruwan nan yana da nasa haɗarin, kuma shi ne abin da na fi so ka riƙe. Fuskar dakali takan bushe da wuri in akwai iska ko zafi, ta tsattsage tun kankaren bai kama ba. Dole a rufe ko a yayyafa ruwa da zarar an gama shafe.

In ma'aikata suka ga kwaɓin silika ya yi danƙo, hannunsu kan tafi ga bokiti. Don Allah ka hana. Ƙarin ruwa yana zubar da ƙarfin da aka sayi silikar dominsa. Maganinsa sinadarin rage ruwa mai ƙarfi ne, wanda ke warwatsa ƙwayoyin.

A ganina, in damuwarka sauƙin zubi ne a inda rodi ya cunkushe, ko famfo zuwa nesa, ɗauki tokar kwal. In ƙarfi mai yawa kake nema, ko ginin da gishiri zai taɓa, silika ce, tare da sinadarinta. Ana ma haɗa su biyun a kwaɓi ɗaya, tokar ta sassauta danƙon silikar. Ko wacce ka zaɓa, yi kwaɓin gwaji da yashi da simintin da za ka yi aikin da su kafin ranar zubi.