Allurar sipido mai rawa: kebul ko mita?

Ɗan'uwa, ka ce allurar sipidon motarka tana rawa. Tsakanin sabon kebul ɗin sipido da mitar Beljiyam da kake shawara, sayi kebul. Kar ka taɓa mita tukuna.

Ni Fijo 504 gare ni, haɗin Kaduna, wadda na gada wurin mahaifina. Allurarta ta taɓa yi mini haka, in na ɗauki hanyar Tambuwal sai ta yi ta tsalle tsakanin 60 da 90, ga wani ƙara ƙis-ƙis a bayan dashbod. Wani dattijon bakanike a unguwarmu, Allah Ya saka masa da alheri, ya kwance kebul ɗin, ya zaro wayar da ke ciki, ya riƙe bakinta biyu ta lanƙwashe kamar baka, ya murza da yatsu. Sai ta cije, can kuma ta fizge. Ya miƙo mini ya ce in murza da kaina in ji. Wayar nan giyabos ke juya ta, ita kuma tana juya maganaɗisun cikin mita, shi ke jan allura. In ta bushe ko ta sami targaɗe, sai ta riƙa maƙalewa tana kuɓucewa, allura na bin ta. Zafin Sakkwato ya busar da giris, ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran. Ya sa sabuwa, ya shafa giris kaɗan, amma ya bar saman da ke kusa da mita a bushe, don giris kan hau ya shiga ciki ya ɓata ta. Har yau allurar nan tsaye take cak.

Mitar kuwa ita na fara saya kafin in je wurinsa, kuma rawar ba ta fasa ba. Tana nan cikin kwali. Amfaninta sai in an canza kebul, an duba ƙaramar giyar roba da ke jikin giyabos an ga haƙoranta ba su cinye ba, amma allura ta ƙi natsuwa.

In wayarka ba ta tsintsinke ba, ba ta kuma cijewa, a wanke ta da kananzir a shafa giris, wataƙila ko sayen ba sai ka yi ba.

Sai dai ka yi hattara da wasu masu kayan gyara. Akwai masu wanke tsohon kebul su sa a leda su ce sabo ne. Tafi da naka, ka gwada tsawonsu, ka duba bakin nan mai kusurwa huɗu bai cinye ba, ka murza wayar a gabansa kafin ka biya. Wurin ɗaurawa kuma ka tsaya a kai, kar a lanƙwasa shi da ƙarfi, a nisanta shi da salansa.