Saƙon maraba a shafin biki: da bakin iyaye ko da bakin ango da amarya?

Wata ƙanwarmu a zauren nan ta yi tambaya. Bikinta ya matso, za a yi a Kano, dangin ango kuwa suna Zinder, wasu 'yan uwanta suna Ingila da Saudiyya, shi ya sa ta buɗe shafin biki a intanet don kowa ya ga tsarin a wuri ɗaya. Abin da ya tsayar da ita shi ne saƙon farko da baƙo zai gani. Ta rubuta shi da bakin iyaye kamar katin gayyata, ko da bakinta ita da angonta kamar misalin da shafin ya nuna mata?

Ƙanwata, Allah ya sa alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Bari in ajiye miki su biyun tukuna, sannan mu auna.

Na bakin iyaye kusan kowa ya haddace shi:

"Bismillahir Rahmanir Rahim. Iyalan Alhaji Wane da na Marigayi Malam Wane suna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, Wane da Wance, ranar Asabar, kaza ga wata, da ƙarfe 11:00 na safe, a Masallacin Juma'a na unguwa kaza, Kano. Wanda bai samu damar halarta ba ya sa mu a addu'a."

Na bakin ango da amarya kuma haka yake fitowa idan an zuba shi da Hausa:

"Assalamu alaikum, barkanku da zuwa shafinmu. Mu ne Wane da Wance. Allah ya nufa za mu yi aure, kuma muna so ku kasance tare da mu. A ƙasa za ku ga ranaku da wuraren taro da kwatance. Mun gode, sai mun gan ku."

Ba wanda yake da aibu a karan kansa. Bambancin yana wurin wanda zai karanta, da kuma aikin da saƙon zai yi.

Misalin da shafin ya ba ki daga Amurka ya fito. Manyan kamfanonin da suka yaɗa wannan harka can suke: The Knot tun 1996, Zola kuma 2013. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, su ma can katin gayyata na takarda, a tsohuwar al'adarsu, da sunan iyayen amarya ake buga shi, domin su ne masu karɓar baƙi. Shafin intanet ƙari ne kawai. Wanda ya riga ya karɓi kati shi ke shiga don ya ga otal ɗin da zai sauka, ya ce zai zo ko ba zai zo ba, ya duba irin kyautar da ma'auratan suke so. Shi ya sa muryar shafin take a sake, cike da raha, har da labarin inda aka fara haɗuwa. An gama maganar girmamawa a kan takarda.

Mu kuwa ba haka abin ke tafiya ba. Da kin tura adireshin shafin a WhatsApp, shi ya zama katin. Ƙawarki za ta tura wa yayarta, yayar ta jefa a zauren dangi, kafin la'asar ya isa wayar ƙanin mahaifin ango a Zinder wanda bai taɓa ganinki ba. Abin da ya fara karantawa shi ne sallamar gidanku gare shi. Idan ya ga yarinya da yaro ne ke cewa "za mu yi aure, ku zo", tambayar da za ta faɗo masa ita ce, ina iyayensu? A wurinmu waliyyi ke bayarwa, wakilin ango ya karɓa, a ambaci sadaki a gaban shaidu. Amarya ma ba ta zuwa wurin ɗaurin auren. To da wane baki za ta gayyaci maza zuwa taron da ita kanta ba ta halarta? A nan bakin iyaye ya yi nasara, ba tantama.

Sai maganar kunya. Na san 'yan zamani sun rage ta, har hotunan kafin biki ake ɗauka a watsa. Amma hoto daban, rubutu daban. Har yanzu akwai gidajen da mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Goggon da ta tashi a irin wannan gida, ta buɗe shafi ta ga kin rubuta "ni da abin ƙaunata Wane", ba za ta ce miki komai ba. Mahaifiyarki za ta ji a bakinta ranar yinin biki. Saƙon iyaye yana ɗauke miki wannan nauyin gaba ɗaya, sunayenku na fitowa amma ba ku kuka furta ba.

Inda bakin iyaye yake gazawa kuwa, shi ne ba ya iya ɗaukar ƙananan bayanai, kuma su ne dalilin buɗe shafin tun farko. Ba zai yiwu a rubuta da sunan Alhaji cewa ankon kamu atamfa ce kalar kaza, a nemi Wance don karɓa, ko kuma a zo da wuri saboda wurin ajiye mota ya yi kaɗan. Zubar da girma ne. Sa lalle, kamu, dina, buɗar kai, waɗannan harkar mata ce da abokai, kuma muryar ango da amarya ko ta ƙawaye ita ta dace da su. Haka 'yan uwanki na Ingila, musamman yaran da aka haifa can, sanyin katin gargajiya ba zai sa su ji an yi marhabin da su ba. Layi biyu masu daɗi daga bakinki sun fi musu tasiri. Nan bakinku ya fi.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin shi ne ya fi haifar da ɓacin rai: wa aka gayyata zuwa me. Ɗaurin aure ƙofarsa a buɗe take, duk wanda ya ji ya zo, yawan jama'a ma abin alfahari ne. Dina kuwa kujeru ƙidayayyu ne, an biya kuɗin abinci gwargwadon kai, shi ya sa ake raba katin shiga. Saƙon iyaye da ya ce "muna gayyatar 'yan uwa da abokan arziki", sannan a ƙasa aka jera dukkan taruka har da dina, ya gayyaci kowa zuwa komai kenan. Kuma amsa gayyata ba wasa ba ce a addini. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce idan aka gayyaci ɗayanku walima to ya je. Mutum ya taso don ya sauke hakki, mai gadi ya tare shi a ƙofa ya ce ina kati, wannan wulakancin sunan mahaifinki zai bi, ba naki ba. Saƙon ango da amarya ya fi iya warware wannan cikin ladabi, misali ku ce: "Ɗaurin aure da walima na kowa da kowa ne. Taron dare wurin ya yi mana kaɗan, za mu aiko da kati, a yi mana afuwa." Ni dai da za a bi ta tawa, dina ma kada ta fito a shafin da kowa ke gani. Galibin waɗannan shafuka suna ba da damar kulle wani sashe da kalmar sirri, ko a nuna taro ga waɗanda aka zaɓa kawai. Ki yi amfani da wannan.

Maganar kyauta gajera ce. Shafin zai matsa miki ki jera kayan da kike so a saya miki, ko ki sa lambar asusun banki. A can wannan ba abin kunya ba ne. A nan lefe na wuyan ango, kayan ɗaki na wuyan iyayenki, gudummawa kuma tsakanin mata take zagayawa, kowace ta san wadda ta yi mata da abin da za ta rama. Lambar asusu ƙarƙashin sunan iyaye roƙo ce. Ƙarƙashin sunanku ma ba ta yi kyau ba. Wanda ke waje yake son aiko da wani abu zai tambaya da kansa.

Ta fuskar tsawo, na iyaye yana da hali ɗaya mara kyau: jerin sunaye. Kowane ɓangare na son a ambaci kakansa da sarautarsa, kafin a kai ga ranar biki mai karatu ya ja allon waya sau uku. A kati ana iya jurewa, a waya ba a iyawa, balle wanda datarsa ta kusa ƙarewa ko yake wurin da sabis ke rawa. Gida biyu, suna biyu, ya wadatar. Sauran manya a ba su sashensu a ƙasa. Na ango da amarya kuma cutarsa surutu: yadda aka haɗu a jami'a, wanda ya fara magana, ranar da aka yi faɗa aka shirya. Wannan ki ajiye wa ƙawaye ranar sa lalle.

Duk wanda kika ɗauka, akwai abubuwan da ba su da alaƙa da murya amma suna iya ɓata miki aiki. Shafukan Amurka wata suke sa wa kafin rana, wato 05/06 a wurinsu 6 ga Mayu ce, a wurinmu 5 ga Yuni. Ki rubuta sunan rana da sunan wata da haruffa. Idan za ki ƙara kwanan watan Hijira, ya biyo baya, domin ganin wata ke tabbatar da shi, kuma sanarwar fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato da ta hukumomin Nijar sukan saɓa da kwana ɗaya. Idan za a haska ɗaurin auren kai tsaye don na nesa, ki ce "agogon Nijeriya da Nijar", lokacinsu ɗaya ne. Saudiyya na gaba da awa 2. Ingila kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa 1. Sannan ki duba salon rubutun da kika zaɓa a wayoyi daban-daban, domin masu lanƙwasar nan na ado sau da yawa ba su san ɓ, ɗ da ƙ ba, sai ki ga ɗan akwati a tsakiyar "ɗaurin aure". Adireshin gidanku da lambar wayarki kuma kada su hau shafin da ke a buɗe. Sunan masallaci da na ɗakin taro sun isa, lambar tuntuɓa a sa ta wani yayanki ko abokin ango da ya yarda.

Aya da addu'a sun fi zama a saƙon iyaye. Mutane da yawa na sa aya ta 21 a Suratur Rum, wadda ke maganar natsuwa da soyayya da jin ƙai tsakanin ma'aurata. Sa ta a shafi ma ya fi aminci da sa ta a kati, tunda kati yakan ƙare a ƙasa ana takawa. Addu'ar "Barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair" kuwa baƙi ne ke yi muku ita, don haka ba ta dace ta fito daga bakinku ba. Idan shafin yana da wurin da baƙi ke barin saƙo, can ne muhallinta.

To ga hukuncina. Kan shafi na iyaye ne, layi huɗu ko biyar: bismilla, gida biyu, sunayenku, rana, lokaci, masallaci, roƙon addu'a. Duk ya fito a allo ɗaya ba sai an ja ba. Ƙarƙashinsa sai ku shigo da naku, gajere, da "mu" ba da "ni" ba, kamar haka: "Muna godiya ga duk wanda ya leƙo. 'Yan uwa na Zinder da na ƙetare, mun tanadar muku kwatance da bayanin masauki a ƙasa. Allah ya kawo ku lafiya." Idan dole sai ɗaya za ki ɗauka, ɗauki na iyaye, sai fa in shafin na abokai ne zalla, a kulle yake, kuma katin takarda ya riga ya zaga.

Kafin ki tura wa kowa, ki kai wa mahaifinki ko waliyyinki ya karanta, ango ma ya nuna wa nasa, a tabbatar da yadda aka rubuta sunaye da laƙabi da wanda aka gabatar. Dangin Zinder za su iya son a ƙara fassarar Faransanci a ƙasa, ki tambaye su. Kawunnai da goggonni da maƙwabtan da suka goya ki kuma ba a aika musu da adireshin shafi a ce an gayyace su, zumunci a ƙafa yake. Su a je da goro da alewa da kati a gaishe su tukuna, bayan nan jikokinsu su buɗe musu shafin su ga kwatancen wurin walima.