Rubuta wa wasu waƙa ko rera taka da kanka: hanyoyi biyu na Sia

Sia, mawaƙiyar nan 'yar Ostareliya, ta ɗanɗana duka biyun. Bayan 2010 ta gaji da shahara, ta koma bayan fage tana rubuta wa manyan taurari waƙa. Tana cikin waɗanda suka rubuta "Diamonds" da Rihanna ta fitar a 2012, waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Amfanin wannan hanya a fili yake: duk sanda aka sa waƙar a rediyo, marubuci na da kasonsa, kuma yana iya shiga kasuwa ba wanda ya waiwaye shi. Sai dai tafi da yabo na mai murya ne. Wani lokacin ma a dawo maka da waƙarka, a ce ba ta yi ba.

Rera taka kuwa ya fi kawo kuɗin wasanni da suna, amma da wahalar yawo da idon jama'a. Da Sia ta fitar da "Chandelier" a 2014, sai ta riƙa rufe fuskarta da gashin kanti. Ni dai na fi jinjina wa kundinta na 2016, wanda akasarin waƙoƙinsa waɗanda wasu mawaƙa suka ƙi karɓa ne. A ciki "Cheap Thrills" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka.