Tumbbad ko The Nun? Ɗauki Tumbbad

Ɗan'uwa, tunda ka ce datarka ta fim ɗaya ce tsakanin Tumbbad da The Nun, ɗauki Tumbbad kawai. Duka biyun finafinan tsoro ne, a 2018 suka fito, duka biyun kuma suna cikin kwamfutata, amma ɗaya ne nake komawa gare shi.

Tumbbad fim ɗin Indiya ne da harshen Hindi, sai dai ka cire tunanin rawa da soyayyar da muka saba gani. Rahi Anil Barve ne ya ba da umarni, Sohum Shah kuma shi ne jarumin, shi ne ya zuba kuɗinsa a ciki. Labarin ya fara ne a 1918, a Tumbbad, wani ƙauye na jihar Maharashtra da ruwan sama ba ya ɗaukewa saboda tsinuwa. A tatsuniyar fim ɗin akwai wani abin bauta mai suna Hastar, makwaɗaici, wanda ya kwashe zinariyar uwarsa ya miƙa hannu zai haɗa da hatsinta, sai aka taru aka far masa. Uwar ta cece shi bisa sharaɗin kada a ƙara ambaton sunansa. Mutanen Tumbbad suka saɓa, suka gina masa wurin bauta. Tatsuniyarsu ce, da idon mai kallon fim za ka kalle ta.

Abin da ya kama ni shi ne yadda tsoron yake fitowa daga halin mutum. Vinayak, wanda labarin yake bi, ya taso a talauce, yana ganin mahaifiyarsa tana kai wa wata tsohuwa abinci a wani ɗaki inda aka ɗaure ta da sarƙa. Da ya girma ya gano hanyar dukiyar: ya sauka da igiya cikin wani rami, ya zagaye kansa da garin alkama, ya jefa wa Hastar 'yar tsanar kwaɓaɓɓen gari saboda yunwar da ke cinsa, shi kuma ya fizgi tsabar zinariya ya haye da gudu. Kowane zuwa 'yan tsabobi yake samowa, kowane zuwa kuma ransa ne a hannunsa. Ba wanda ya tilasta shi. Ya yi gida, ya yi mota, bai daina ba. Zuwa 1947, shekarar da Indiya ta sami 'yanci, ƙarfinsa ya fara ƙarewa, sai ya kama koya wa ɗansa ƙarami sana'ar. Daga nan ba zan ƙara ba, kada in ɓata maka.

Da damina na fara kallonsa, ni da ƙanena da ya zo hutu. An ɗauke wuta, muka ɗora kwamfuta a kan tabarma, ruwa na dukan kwanon ɗakin, a cikin fim ɗin ma ruwa ake shekawa, har ka rasa wanne kake ji. Yaron nan da ba ya iya kallon komai sai yana latsa waya, ranar kife ta ya yi. Da aka gama muka daɗe muna gardama, wai da shi ne, sau ɗaya zai shiga ramin ya haƙura. Na ce masa Vinayak ma da haka ya fara. Har yau idan muka haɗu sai ya tayar da zancen, kuma ina jin daɗin hakan.

Ruwan nan da za ka gani ba na famfo ba ne a yawancin wuraren. Damina huɗu masu fim ɗin suka yi suna jiran hadari don su ɗauka, kuma bayan an ɗauki fim ɗin a 2012 Barve bai gamsu ba, aka sake aikin. Pankaj Kumar, mai ɗaukar hoton, ya dogara da hasken fitila da na sararin da hadari ya rufe, shi ya sa duhun yake da nauyi. An fara nuna shi a bikin finafinai na Venice a Italiya. Da ya shiga sinima bai yi wani kasuwa ba, sai daga baya mutane suka riƙa gaya wa juna, har aka mayar da shi sinima a Satumban 2024 ya tara kuɗin da ya fi na farko.

The Nun kuwa, to, yana da kyan wuri. A Romaniya aka ɗauke shi, labarin 1952 ne, kuma Bonnie Aarons, wadda ta fito a matsayin aljanar fim ɗin, ta iya tsayuwa cikin duhu. Iyakar abin da zan ce ke nan. Na saye shi ne saboda sunan James Wan, gwanin finafinan tsoro, alhali Corin Hardy ne ya ba da umarni, Wan yana cikin masu shiryawa da tsara labari. Shiru, shiru, sai ƙara ta fashe, sai a sake. Kamar a ɓuya a bayan ƙofa a ce maka “kai!” ne, ka zabura, minti ɗaya ka manta. Ya tara sama da dala miliyan 360 a duniya, amma kuɗina da na ba da har yanzu yana yi mini ciwo.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu shagon tura finafinai. Tumbbad fim ne mai duhu, in aka ba ka kwafin da aka matse ko wanda aka ɗauka da kyamara a sinima, baƙi ƙirin za ka gani a wuraren da suka fi muhimmanci. Ka sa a buɗe maka a gabanka, a ja zuwa wajen ramin, ka duba ko kana ganin jan bangon sosai. Tsawonsa minti 104 ne, in ya gaza haka da yawa an yanke. Na taɓa ganin mai shago ya canja wa wani tsohon fim suna ya ce ci gaban Tumbbad ne. Haka masu filashin da aka rubuta wa babban girma, ka kai gida rabin abin da aka zuba ya ƙi buɗewa. In kana da hali, ka duba ko yana Amazon Prime Video, can na san an taɓa ajiye shi da kyakkyawan hoto.

Kada kuma ka fara da fassarar da ake cusa wa barkwanci, tana kashe shirun da fim ɗin ya ginu a kai. Kalli na asali da rubutun fassara a ƙasa, da dare, da abin sauraro a kunne, ba tare da ƙananan yara ba, don wurin tsohuwar nan yana da nauyi. In wata ya yi ka sake sayen data kana son na Amurka, ka tsallake The Nun ka nemi The Conjuring na 2013, wanda Wan ya ba da umarni da kansa.