Monita Ko Katin Hoto: Me Ya Kamata Mai Haɗa Kwamfutar Gem A Bauchi Ya Fara Zaɓa?

Yawancin matasan da ke haɗa kwamfutar gem a Bauchi suna fara tambaya ne daga katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ake gani a allo, sai bayan kuɗi ya kusa ƙarewa sannan su tuna da monita, su ɗauki duk wadda ta rage a shago. A ganina an juya abin, domin monita ce ke yanke yawan aikin da za a ɗora wa katin, kuma ita ce za ta zauna a kan tebur shekaru bayan an sauya katin sau biyu.

Lissafin ba shi da wuya. Monita mai 1080p tana da ɗigon hoto 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗan sama da miliyan 2. Mai 1440p tana da kusan miliyan 3.7, ita kuwa 4K tana da kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p. Duk hoton da zai fito, sai katin ya zana waɗannan ɗigo gaba ɗaya, kuma idan ana son hotuna 144 a daƙiƙa, lokacin da yake da shi na kammala kowane hoto bai kai miliseƙan 7 ba, alhali a hotuna 60 yana da kusan 16.7. Wanda ya ce yana son 4K kuma yana son 144, ya nemi katin ya yi aiki ninki tara da ɗoriya na abin da 1080p mai 60 ke buƙata. Nan ne tsadar take fitowa.

Girman monita yana tafiya tare da yawan ɗigonta. Inci 24 ya dace da 1080p, amma idan aka shimfiɗa 1080p a kan inci 27, rubutu yakan fara nuna haƙora. Inci 27 mai 1440p yana ba da ɗigo kusan 109 a kowane inci, kuma a tazarar da mutum ke zama gaban tebur, ido ba ya neman fiye da haka sosai. Amfanin 4K yana bayyana ne daga inci 32. Saboda haka, ga mafi yawan mutane, zaɓina shi ne inci 27, 1440p, mai saurin 165 zuwa 180 Hz, wato yawan hotunan da take iya nunawa a daƙiƙa. Tashi daga 60 zuwa 144 kowa zai gan shi ko da motsa linzami kawai ya yi. Tashi daga 144 zuwa 240 kuwa ragin lokacin kowane hoto bai kai miliseƙan 3 ba, kuma masu gasa a Counter-Strike 2 ko Valorant ne suka fi jin daɗinsa. Ko su ɗin ma, ya kamata su tuna cewa monita ba ta gyara jinkirin intanet, kuma sabar da ake haɗa mu da ita a wasannin gasa tana nesa da mu ƙwarai.

Dangane da irin gilashin, IPS ita ce wadda ba ta cika ba mutum kunya ba: launi mai kyau, motsi mai tsabta, sai dai baƙinta yana yin toka-toka a ɗaki mai duhu. VA tana da baƙi mai zurfi, amma masu arha a cikinsu suna jan wutsiya idan abu mai duhu ya gitta da sauri. OLED ta fi su duka a ido, ba a musu, sai dai tana da tsada, kuma hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin tabo na dindindin. Wanda zai yi gem da dare, ya kuma yi aikin makaranta ko na ofis da rana a kan monita ɗaya, kuma babu inda zai mayar da ita idan ta samu matsala, ya yi tunani sau biyu. Kowace aka zaɓa, a tabbatar tana da FreeSync ko G-Sync, domin su ne ke daidaita saurin monita da na katin, su hana hoton yagewa a tsakiya.

Idan monita ta tsaya, sai a zo kan katin. Ga 1440p, manyan abokan takara a shekarar 2025 su ne RTX 5070 da RTX 5070 Ti na NVIDIA, da RX 9070 da RX 9070 XT na AMD, duka a shekarar suka fito. RTX 5070 tana da memori gigabait 12, tana cin wat 250, an fitar da ita a kan dala 549. RX 9070 ta fito a kan farashi ɗaya da ita, amma da gigabait 16 da wat 220. RX 9070 XT tana da gigabait 16 da wat 304 a kan dala 599, yayin da RTX 5070 Ti ke da gigabait 16 da wat 300 a kan dala 749. Waɗannan farashin kamfani ne a Amurka. Kafin kati ya iso Kano ko Abuja, balle kasuwar Wunti ta Bauchi, canjin dala da kuɗin kawowa sun hau kansa.

Memorin katin shi ne abin da na fi so mai saye ya kula da shi, saboda ba a ƙara shi daga baya. Gigabait 8 yana isa ga eFootball da EA Sports FC da wasannin gasa, amma sababbin wasanni masu nauyi a 1440p sukan cika shi, kuma idan ya cika, gem ɗin yakan riƙa tsayawa yana fizga ko da ƙarfin katin bai ƙare ba. Gigabait 12 yana wucewa a yau, 16 kuwa ya fi ba da kwanciyar hankali. Abin da NVIDIA ta fi ƙarfi a kai shi ne lissafin haske da inuwa irin na zahiri, da kuma DLSS, wadda ke zana hoto da ƙananan ɗigo sannan ta ɗaga shi. AMD ta rage tazarar sosai da FSR 4, tata dabarar mai kama da DLSS, a katunan RX 9000. Akwai kuma dabarar ƙirƙiro hotuna a tsakanin na gaske, wadda ke sa lambar da ke kusurwar allo ta ninka, amma ba ta sa gem ya amsa hannun mai wasa da sauri, don haka kada lambar talla ta ruɗi kowa. Mai ƙaramin aljihu zai iya duba Arc B580 ta Intel mai gigabait 12, muddin uwar allonsa, wato babban faifan da ake soka katin da sauran sassa a jikinsa, ba tsohuwa ba ce.

Shi kuwa mai nufin 4K da gudu, hanyarsa RTX 5080 ce ko RTX 5090, kuma a nan ne yanayinmu yake shiga maganar. RTX 5090 ita kaɗai tana iya cin wat 575, kuma NVIDIA da kanta ta ce a haɗa ta da na'urar wuta mai wat 1000. Idan aka haɗa furosesa da monita, sa'o'i uku na wasa mai nauyi za su iya kusantar kilowat-awa 2.4, wato duk abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yake ɗauka, kuma irin batirin dalma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi. Ƙaramin janaretan gida ba zai ja ta ba. Wutar da katin ya ci kuma zafi take komawa a cikin ɗaki, kuma wanda ya san bazarar Bauchi a watan Maris da Afrilu ya san ɗaki ba ya buƙatar ƙari. Kuɗin inbata mai tsabtar wuta, da batir, da UPS mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, duk suna cikin farashin katin ko da ba a rubuta su a rasit ba. Da hunturu kuma ƙura takan toshe fankoki, don haka akwati mai raga a gaba da hurawa lokaci-lokaci sun zama dole.

Katin hannu yana iya zama riba, amma a sani cewa tun da Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina haƙo da katin hoto a Satumbar 2022, katuna irin su RTX 3060 da RTX 3070 da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwa. Kada a biya sai an kunna gem mai nauyi na aƙalla rabin sa'a a gaban mai sayarwa, ana duba zafi, ana sauraren fanka, ana lura ko ɗigo masu launi za su ɓullo a allo.

Saura waya, wadda ake rainawa. HDMI 2.0 ba ta wuce 60 Hz a 4K, sai HDMI 2.1 ko DisplayPort 1.4 zuwa sama, kuma a kwamfuta DisplayPort ta fi sauƙin sha'ani. A soka ta a jikin katin, ba a ramin uwar allo ba. Bayan an haɗa komai, a shiga saitin allo na Windows a zaɓi saurin monitar da hannu, domin sau da yawa takan tsaya a 60 Hz har sai an canza ta.