Ruwan Bagaja ko Jiki Magayi: wanne za a fara miƙa wa 'yar shekara 13?

Hajiya, kin ce 'yarki mai shekara 13 ta kamu da son karatu, kuma akwai tsofaffin littattafan Hausa a akwatin marigayi mahaifinki, wasu na jarumta da yawon duniya, wasu na soyayya. Tsoronki shi ne kada na soyayyar su buɗe mata ido tun lokaci bai yi ba. Ni ma na yawon duniyar zan ce ki fara ba ta, sai dai dalilina daban ne da naki.

Mu ɗauki biyu da suka fito daga gida ɗaya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, kuma cikin littattafai biyar na farko da aka samu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke mijin uwarsa da aka yi wa dariya a fada. Daga nan sai gari bayan gari, kowane gari da rigimarsa, yawanci tsakaninsa da Malam Zurƙe: yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Littafin kamar soyayyiyar gyaɗa yake, a ɗebi kaɗan a ajiye, anjima hannu ya koma da kansa. Tambaya ɗaya yaro ke riƙe da ita tun daga shafin farko, wato "sai me ya faru?", kuma ba ya bukatar sanin komai na duniya kafin ya ji daɗin amsar.

Jiki Magayi ba haka yake ba. Abubakar da Zainab na son juna, sai Malam Shehu, attajirin da bai samu haihuwa ba, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, daga ƙarshe ya zama ajalin ubansa. Babu wani zance a ciki da zai sa ki jin kunya a gaban 'yarki. Abin da ke ciki nauyi ne, domin tambayar littafin ita ce "laifin wa?" Na attajirin da ya ga kuɗi na iya sayen komai? Na waɗanda suka karɓi kuɗin? Ko na Abubakar, wanda aka zalunta da gaske amma ya huce a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba? Yarinya 'yar 13 za ta karanta ta gane labarin tsaf, ta ba ki shi daga farko har ƙarshe. Amma ɗacinsa sai wanda ya taɓa ganin an fi ƙarfin wani a kan abin da yake nasa.

Babban abin da ya raba nau'in biyu, a ganina, shi ne inda cikas yake. A labarin yawon duniya cikas na waje ne: daji, aljani, mugun sarki, teku. Iyaye kuwa ana sallamarsu tun a farko, a yi ban kwana a kama hanya. Har a na Turawa haka ne. A Treasure Island na 1883, yaron nan Jim yana barin uwarsa a gida ne kafin ya hau jirgin ruwa. A tsohon labarin soyayya cikas na cikin gida ne, kuma sau da yawa shi ne mutumin da ake durƙusa wa a gaishe shi da safe. A labarin Larabawa na Laila da Majnun, mahaifin Laila ne ya hana masoyinta Ƙais, ya aurar da ita ga wani. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, dangin Boɗaɗo ne ba sa son ta auri Yasir don ba Bafillace ba ne. Jane Austen ma, da ake ta ambato in an zo maganar soyayyar Ingila, littafinta Pride and Prejudice na 1813 kan 'yan mata biyar ne da gidan ubansu zai koma hannun wani ɗan'uwa namiji in uban ya mutu, shi ya sa uwarsu ta rasa sukuni. Wato rabin abin da muke kira littafin soyayya, zancen kuɗi ne da asali da ikon manya. Ba za ka zare takobi ka sare kakarka ba, sai haƙuri da lallashi da jira, kuma jira ba abin da yaro ke nema a littafi ba ne.

Game da tarbiyya kuwa, Hajiya, nan ne nake ganin kin sa tsoronki a inda bai dace ba. In ɗabi'ar jarumi ake dubawa, Alhaji Imam ya fi Boɗaɗo abin faɗa nesa ba kusa ba. Mutum ne mai ƙarya da damfara da wayon tsiya, kuma mai karatu dariya yake yi yana goyon bayansa. Gandoki na Bello Kagara kuwa sara da suka ne da kirari. Ban ce a hana yara su ba, mu ma da su muka tashi, kuma yaro ya san bambancin raha da wa'azi fiye da yadda muke zato. Amma kada a ce wannan tsarkakakke ne wancan gurɓatacce don kawai an ga kalmar so a bangon ɗaya.

Akwai kuma wani gibi da ya shafi 'yarki kai tsaye. Tsofaffin labaranmu na kasada na maza ne. Mace a ciki ko uwa ce da aka bari a gida, ko wadda aka aura a hanya aka wuce. Yarinya za ta yi tafiyar duka a bayan wani namiji, babu mai kama da ita. Littafin soyayya, duk da abin da ake faɗa a kansa, shi ne wurin da mace ta fara buɗe baki ta ce ga abin da take so, kuma So Aljannar Duniya shi ne ƙagaggen labari na farko da aka buga na wata mace da Hausa. Saboda haka jinkirtawa nake cewa a yi, ba hanawa ba.

Wani abin lura: yawancin jaruman nan manya ne, ba yara ba. Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka ɗauko tushensa daga labarin jarumin Rasha Ilya Muromets, babban mutum ne mai doki da yaƙi. Wanda na sani yaro ne jaruminsa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki Kilba aka yi sararin samaniya da shi. In yana cikin akwatin, kada ki tsallake shi.

Da ni ce, ga yadda zan jera mata. Magana Jari Ce na ɗaya tukuna, domin labaran da aku ke ba Musa gajeru ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Sai Ruwan Bagaja, sai na Kilba, sai Iliya. In ta kai 15 ko 16, So Aljannar Duniya. Jiki Magayi kuwa ku karanta tare, tunda tafiyar Abubakar neman asiri ita ma yawon duniya ce, za ta riƙe ta, ke kuma ki tsaya da ita a kan tambayar laifin wa.

Littattafan akwatin nan duk sun bi ta hannun editoci, an kuma daɗe ana karanta da yawansu a makarantu. Waɗanda za ki sa wa ido su ne labaran da ake turawa babi-babi a WhatsApp, waɗanda wasunsu ba wanda ya duba su kafin su iso wayar yarinya. In kuma kin tarar ta riga ta ɗauko na soyayyar da kanta daga akwatin, kada ki fizge. Bar ta ta gama, sannan ki tambaye ta wa take ganin ya fi gaskiya tsakanin Boɗaɗo da danginta.